A Sake Su

Shafi na 31

Ga masu cika min akwatin saƙo tun safe da tambayar inda na bar Auta: a ƙofar ofishin Farfesa na bar ta, hannunta a sama. Ku matso mu shiga tare.

Ƙarfe sha ɗaya saura kwata ta ƙwanƙwasa. Shafin intanet na mujallar da ta tura wa maƙalarta zai rufe ƙarfe huɗu na yamma. Awa biyar da 'yan mintuna, abin da ya rage mata ke nan daga cikin shekara biyar na karatun digirin dakta.

Farfesa bai ɗago ba. Da bakin biro ya nuna mata kujera, ya ci gaba da sa hannu a wasu takardu. Bangon da ke bayansa cike yake da shafukan farko na maƙalunsa, kowanne a cikin gilashi, kowanne da sunansa. Ya tambaye ta jikin Babanta kamar yadda ya saba, ta ce da sauƙi. Sannan ya jawo aljihun tebur, ya fito da wani jan filashi na kwamfuta, ya tura shi gabanta da ɗan yatsa ɗaya.

Ta san abin da ke ciki tun kafin ya yi magana.

Maƙalarta a kan matatar yumɓu ce, wadda ke cire gubar dalma daga ruwan sha. Kwalabe sittin ta auna. Arba'in da takwas sun fito tas. Sha biyu kuwa, daga ta arba'in da biyu zuwa ta hamsin da uku, waɗanda ta ɗiba a mako na biyar, gubar da ke cikinsu ta fi ta ruwan da aka zuba tun farko. Wato matatar in ta ƙoshi, amayar da abin da ta haɗiye take yi. A lokacin Farfesa ya ce kwalaben ne suka gurɓata, ya goge layukan da hannunsa daga jadawalin. Ta roƙe shi a maimaita gwajin, ya ce babu lokaci. Ita kuma ta yi shiru. Wannan shirun ne ke cin ta wata takwas.

Maƙalar ta tafi da layi arba'in da takwas. Mujallar irin wadda ke ɓoye sunaye ce, marubuci bai san mai bita ba, mai bita bai san marubuci ba. Mai bita na ɗaya ya yaba a layi biyu. Na biyu ya rubuto shafi huɗu, ya ce lambar kwalabe ta yi tsalle, kuma ba zai yarda a buga ba sai an ɗora ɗanyen sakamakon duka sittin a fili, inda kowa a duniya zai iya saukewa ya duba.

"Sittin suke so," in ji Farfesa. "Ga sittin nan."

"Ranka ya daɗe, sha biyun nan ba mu ƙara auna su ba."

"Na sani."

"To daga ina lambobin suka fito?"

Ya cire gilashinsa, ya goge shi da gefen riga a hankali.

"Daga shekara talatin na aiki suka fito, 'yata. Na san abin da ya kamata su kasance."

Ya daɗe yana magana bayan nan, cikin taushin murya, kamar mai lallashin yaro ya sha magani. Ya ce a zamaninsu sunan mutum shi ne shaidarsa, babu wanda ke cewa ka zazzage aljihunka a gaban jama'a. Yanzu kuwa duk wanda ya mallaki kwamfuta ya zama alƙali, wanda bai taɓa riƙe kwalba ba zai zauna a ɗakinsa yana ƙirga maka layi. Ya ce babu mujallar da ke buga "mun gwada, bai yi ba". Ya ce jami'a ba ta tambayar me ka gano, nawa ka buga take tambaya, kuma ba shi ya ƙirƙiro wannan tsarin ba, tarar da shi ya yi. Ya tuna mata da ƙungiyar da ke jiran maƙalar ta fito don ta raba matatar a makarantu arba'in.

"Yara ne za su sha ruwan," ta ce. Muryarta ta fito ƙarama har ta ji haushin kanta.

"Za a riƙa canja matatar duk wata. Zan faɗa musu."

"Ba a rubuta a maƙalar ba."

"Na ce zan faɗa musu."

Ya juyo da kalandar teburinsa ta fuskance ta. Bai buƙaci ƙarin bayani ba. Dokar sashen a bayyane take, babu mai kare kundinsa sai mujalla ta karɓi maƙalarsa. Rajistarta kuma ƙarshen wannan watan za ta ƙare, an riga an ƙara mata wa'adi sau biyu, babu na uku.

"Ni ba barazana nake miki ba," ya ce. "Kalanda nake karanta miki."

Ya ƙara da cewa da sunanta za ta shiga shafin ta ɗora, tunda ita ce marubuciya ta farko. Da ta miƙe, ta tambaye shi littafin gwajinta, baƙin littafin nan mai kauri da take rubuta duk abin da ta auna, wanda ya karɓa ran Litinin wai zai duba wani abu.

"Yana nan lafiya," ya ce, ya mayar da gilashinsa.

Ta ɗauki jan filashin. Bai kai girman ɗan yatsanta ba, amma sai da ta ji hannunta ya yi nauyi.

*

Babu kowa a ɗakin gwaji sai firjin samfura da ke ta gurnani a kusurwa. Ta zauna a gaban kwamfuta, ta ajiye jan filashin kusa da nata shuɗi, mai ɗauke da layukan gaskiya. Ta zuba musu ido kamar za su yi magana.

Wayarta ta yi ƙara. Yaya ce.

Yaya ba ta jira amsar sallama ba ta fara ba da labari tana dariya. Wai Baba ya ciro tsohuwar farar rigarsa ta aiki daga ƙasan akwati, ya wanke da kansa, ya hana kowa taɓawa, ya ce ita Auta za ta sa ranar kare kundi. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana wanke kwalabe a irin wannan ɗakin. Ya wanke wa mutane da yawa hanyar zama farfesa, sunansa bai taɓa fitowa ko a ƙasan shafi ba.

"Ya kafa doka a gidan nan fa," in ji Yaya. "Duk wanda ya ƙara ce miki Auta zai gamu da shi. Dakta za a ce. Jiya na ji shi yana gaya wa kyanwa."

Auta ta yi ƙoƙarin dariya, ta kasa.

"Ke, lafiya kuwa? Ko kun yi faɗa da Ɗigo ne?"

Ta ce lafiya lau, aiki ne ya yi yawa. Yaya ta ce Baba na son a rubuto masa sunan mujallar da manyan baƙaƙe, don kada ya yi kuskure in yana faɗa wa abokansa. Auta ta ce to. Ta kashe wayar, ta kifa kanta a kan teburin da ke warin sinadari, ta yi kukan da ba shi da sauti.

Da ta ɗago, sai ta buɗe rahoton mai bita na biyu. Ta karanta shi ya fi sau goma a makon nan, amma kullum da ido mai neman abin jin haushi. Yau babu sauran ƙarfin fushi, don haka ta bi shi a hankali har layin ƙarshe, wanda a da take tsallakewa. Da Turanci aka rubuta shi, ba wani abu a jikinsa. Sai da ta juya shi zuwa Hausa a ranta, haka kawai, sannan ta ji murya a cikinsa.

Lambobin nan sun yi kyau da yawa, har suna ba ni tsoro.

Ta miƙe tsaye, kujerar ta faɗi a bayanta.

Shekara uku da suka wuce, a wani taron masu bincike, wani dogon mutum mai alli a hannun riga ya tsaya a gaban allon aikinta na farko, ya yi minti goma yana dubawa. Sannan ya faɗi wannan maganar, kalma da kalma. Ta haɗe rai ta tambaye shi ko ya zo zagi ne. Ya ce a'a, lambobin kawai yake tsoro, mai su kuwa bai gama yanke hukunci ba tukuna. Malamin ƙididdiga ne. Yaya ce ta sa masa Ɗigo, don ko a hira in ka ce "kusan rabi" sai ya tambaye ka rabi da ɗigo nawa. Wata huɗu ya rage su yi aure.

Ta kwashi filasan biyu ta fita da gudu, ba ta ko kulle ƙofa ba.

*

Cibiyar ƙididdiga na tsallaken babban titi, hawa na uku. Ta tsallaka ba ta duba hagu da dama ba, wani direba ya bi ta da baƙar magana. Ta hau matakalar bibbiyu.

Ɗalibai uku ta tarar a ofishin Ɗigo. Ya kalli fuskarta sau ɗaya, ya ce musu su dawo gobe.

"Dakta," ya ce da murmushi, kamar kullum. "Wa ya taɓa min ke?"

Ta rufe ƙofar, ta jingina da ita.

"Lambobin nan sun yi kyau da yawa," ta ce. "Ƙarasa."

Murmushin ya tafi.

"Ƙarasa mana."

"Akwai abubuwan da ba ni da ikon magana a kansu."

"Ban tambaye ka ikonka ba. Kai ne?"

Ya dubi tagar, ya dubi hannunsa.

"Ni ne."

Ta zame ta zauna a kan kujerar ɗalibai. Ta tuna daren Talata tana karanta masa rahoton a waya tana kuka, tana kiran mai bita na biyu marar imani, wanda bai taɓa son kowa ba a rayuwarsa. Ta tuna yadda ya ce mata kawai ta sha ruwa ta kwanta. Tun farkon haɗuwarsu suka yi alkawari ba zai taɓa lambobinta ba, don kada a ce shi ya yi mata aikin. Ta riƙe alkawarin har ba ta taɓa nuna masa jadawali ɗaya ba.

Ya fara bayani da sauri. Ya ce mujallar ta saba turo masa maƙalu ya duba lissafinsu, kuma masu aiki a kan matatar yumɓu suna da yawa a duniya. A shafi na uku ya fara zargi, ya ce wa kansa zuciya ce kawai.

"Yaushe ka tabbatar?"

"A hoto na biyu. Hoton matatar a kan tebur. A can baya akwai kofin shayi mai karyayyen hannu."

Shi ya ba ta kofin. Ita ta karya hannun.

"Kafin ka rubuta rahoton, ko bayan ka rubuta?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ɗigo."

"Kafin."

Ta rufe ido. Ko ita da ba ta taɓa yin bita ba ta san dokar. Da zarar ka gane kana da alaƙa da marubuci, ka mayar da maƙalar ka ce a ba wani. Ta faɗa masa haka, ta ƙara da cewa shi ne fa ke tsayawa a taro yana wa mutane wa'azin gaskiya a bincike, shi ne ke cewa a buɗe komai kowa ya gani. Ashe shi ma yana da nasa layukan da ya goge.

"Ina da su," ya ce.

"To me ya sa?"

"Don in na mayar, za a ba wani irin mai bita na ɗaya. Ya yaba a layi biyu, a buga. Sunanki a farko."

"Da na zama dakta."

"Da kin zama. Bayan shekara biyu wani ya gwada matatar har mako na biyar, ya rubuta wa mujallar. Kin san wa ake kira? Ba Farfesa ba. Shi zai ce ɗalibarsa ce ta auna."

"Da sai ka gaya min a matsayin wanda zai aure ni."

"Na gwada. Sau uku na tambaye ki ina kwalaben nan suka kwana, kika ce mun yi alkawari."

Gaskiya ne. Ta tambaye shi ta ina ma ya san da su.

Ya ɗauko wayarsa. Ta san ba ya goge saƙonta ko ɗaya, ta sha tsokanarsa da cewa wata rana wayar za ta fashe da surutunta. Ya daɗe yana ja da baya, wata takwas, sannan ya danna. Muryarta ta cika ɗakin, a gajiye, da ƙarar firjin nan a baya.

"Ɗigo, yau ba zan samu fitowa ba. Wasu kwalabe sha biyu sun ba ni ciwon kai, gubar ta hau sama maimakon ta sauka. Dole a sake su. Kada ka yi fushi, ka ji?"

Ta manta ta taɓa turawa.

"Da na ga lamba ta yi tsalle daga arba'in da ɗaya zuwa hamsin da huɗu, ban yi lissafi ba," ya ce. "Muryarki na ji."

Ya ajiye wayar a kife. Ya ce da safen nan ya rubuta wa edita ya janye, ya ce ya gano yana da alaƙa da ɗaya daga cikin marubutan. Bai faɗi yaushe ya gano ba. In aka ɗauka daga baya ne, za a ce kuskure, a wuce. In kuwa aka ji wannan saƙon, an san tun kafin ya rubuta harafi ɗaya ya san maƙalar wace ce, ya san abin da aka cire. Daga nan sai kwamitin ladabtarwa. Babu mujallar da za ta ƙara yarda da shi, kuma cibiyar ba ta riƙe wanda aka kama da irin wannan.

Ta fito da filasan ta ajiye a kan teburinsa, ja da shuɗi. Ta gaya masa abin da ke cikin jan. Ta ga jijiyar wuyansa ta motsa.

"Gaya min wanda zan ɗora," ta ce.

"Ba zan faɗa ba."

"Ka shiga aikina ta taga, yanzu kuma kana jin kunyar ƙofa?"

"Na yi miki zaɓi sau ɗaya ba da saninki ba. Ga inda ya kawo mu."

"Baba ya wanke rigarsa, Ɗigo." Muryarta ta karye. "Ya wanke ta da hannunsa."

Ya zagayo teburin ya durƙusa a gabanta, bai taɓa ta ba. Ya ce ko ja ta ɗora ko shuɗi, shi yana nan, kuma ba zai taɓa buɗe baki a kan jan ba in shi ta zaɓa. Ta dube shi ta ga da gaske yake, ta kuma ga abin da hakan zai yi masa, yadda zai riƙa kallonta a kan teburin cin abinci shekara da shekaru, yana sonta, yana sane.

Agogon bangonsa ya nuna uku da kwata. Ta kwashe filasan.

"Ban yafe maka ba," ta ce a bakin ƙofa.

"Na sani, Dakta."

"Kada ka ƙara kirana haka."

*

Uku da rabi ta wuce lokacin da ta koma ɗakin gwaji. Ta ɗaga kujerar da ta faɗi. Intanet ɗin sashen ya ɗauke, ta haɗa da na wayarta. Shafin mujallar ya buɗe a hankali, da ƙaramin agogo a gefe yana ƙirga mintunan da suka rage.

Ta fara sa jan. Ta buɗe fayil ɗin don ta ga ƙaryar da idonta. Layi na arba'in da biyu, na arba'in da uku, duk sun jeru lafiya lau, kowanne ya yi kama da maƙwabcinsa. Babu mai cewa ba daga na'ura suka fito ba. Ta kai kibiyar kan wurin ɗorawa. Dannawa ɗaya, sai farar riga, sai Baba a layin gaba yana gyara hula.

Idonta ya sauka a kan kwandon wanke-wanke. Tana 'yar shekara tara Baba ya taɓa zuwa da ita wurin aikinsa. Ta gan shi yana ɗauraye kwalba ɗaya har sau uku, ta ce ai ta fita tun a na farko. Ya ce wanda zai auna abu a cikinta ba zai taɓa sanin ko an wanke ba, shi ya sa.

Ta zare jan. Ta sa shuɗin.

A akwatin bayani ta rubuta layi uku: cewa waɗannan su ne sakamakon duka sittin kamar yadda na'ura ta ba da su, cewa sha biyu na mako na biyar sun saɓa wa abin da maƙalar ta ce, cewa ba a maimaita su ba. Sai da ta gyara kalma ɗaya sau huɗu.

Huɗu saura minti takwas ta danna.

An karɓa. An sanar da dukan marubuta.

Ta zauna tana kallon rubutun. Ta yi zaton za ta ji sauƙi. Abin da ta ji shi ne sanyi a tafin ƙafa, da tunanin yadda za ta fara yi wa Baba bayani, da wace kalma.

Ba a yi minti ashirin ba ta ji takun mutum biyu a baranda.

Shugabar sashe ce ta fara shigowa, mace mai ƙarancin magana wadda ɗalibai ke canja hanya in sun hango ta. Farfesa na biye da ita. Babu fushi a fuskarsa, sai wani irin baƙin ciki mai kyau, kamar wanda aka yi wa rasuwa. A hannunsa akwai baƙin littafin gwajinta, da 'yar takarda a soke a tsakiya. Da ganin yadda takardar ta kwanta, ba yau aka soke ta ba.

Ya yi wa shugabar bayani a gabanta, a natse. Ya ce yanzun nan ya ga abin da ɗalibarsa ta ɗora, hankalinsa ya tashi, don shi bai taɓa sanin akwai waɗannan sakamakon ba. Layi arba'in da takwas aka kawo masa, su ya gani. Ya ce da ma tun ran Litinin ya fara jin wani abu bai yi daidai ba, shi ya sa ya karɓi littafin.

"Ranka ya daɗe, kai ka goge su," in ji Auta. "A ofishinka. Ina tsaye."

Bai ko dube ta ba. Ya buɗe littafin a kan tebur, ya juya shi wajen shugabar. Ga layukan sha biyu da rubutun hannunta, ta zagaye su da jan biro. A gefen shafin, da Hausa, kamar yadda ta saba yi wa kanta tuni, kalma uku.

"Rubutunki ne?" shugabar ta tambaya.

"Nawa ne, ranki ya daɗe."

"Karanta."

"A sake su." Ta ja gaɓar farko ta "sake" yadda ya kamata. "Wato a maimaita su. A ƙara aunawa."

Farfesa ya girgiza kai a hankali.

"A sake su," ya karanta, a gajarce, yadda ake faɗa in za a saki abin da aka ɗaure. "A rabu da su. A bar su su tafi. Ga shi kuwa an sake su, ba su cikin maƙalar."

Auta ta dubi kalmomin. Haruffa ɗaya ne. Baki ne kawai ke raba su, biro ba ya rabawa. Shekara biyar tana rubuta irin wannan a gefen shafi, ba ta taɓa lura ba.

"Ga filashin da ya ba ni da safe," ta ce, ta ɗago jan da sauri. "Lambobin ƙarya ne a ciki."

"A hannun wa yake?" in ji Farfesa, a hankali.

Shugabar ta karɓi filashin ta sa a aljihu ba ta ce komai a kansa ba. Ta ce cire sakamako da gangan laifin kora ne, kuma in kwamiti ya zauna, takarda zai duba. Sannan ta dubi Auta ido cikin ido, karo na farko.

"Ni ba na karanta zuciya. Akwai wanda kika gaya wa wannan maganar da baki a lokacin? Wanda ya ji yadda kika faɗe ta?"

Akwai. Yana cikin wayarta da ke kan tebur, tsakaninta da su. Daƙiƙa goma sha huɗu, da kwanan wata, da muryarta tana jan harafin yadda babu mai musu. Da kuma sunan wanda aka tura wa.

"Af, na manta," in ji Farfesa, yana rufe littafin. "Edita ya rubuto min da rana. Wai mai bita na biyu ya janye, yana da alaƙa da ɗaya daga cikinmu. Ni dai ban san kowa ba. Na so in san wace irin alaƙa ce, kuma tun yaushe."

"Ina jin ki," shugabar ta ce wa Auta. "Akwai, ko babu?"

Wayar ta fara rawa a kan tebur. Fuskarta ta yi haske, su ukun suka dube ta tare.

Ɗigo.